Ba Keke Ne Ya Ci Ƙafata Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙon Ya riƙe mini harshe, domin da zafi na ɗauko abin da zan faɗa. Ku 'ya'yana da jikokina, na san labarin da kuke ba baƙi idan sun zo gaishe ni suka ga inda ƙafata ta hagu ta tsaya. Da kunnena na ji 'yata Hadiza, ranar da surukanta suka zo duba ni, tana raka su tana cewa ƙasa-ƙasa wai taurin kai ne, wai da tsufansa ya ɗauki keken yara yana yawo a titi har ya ji ciwo ya jawo wa kansa. Ta ɗauka barci nake yi. Ƙafa aka yanke mini, Hadiza, ba kunne ba. Kun maimaita maganar nan har ta zauna daram a gidan nan, jikokin da ba su san hawa ba balle sauka sun haddace ta. To, tunda hannuna yana nan da ƙarfinsa, bari in rubuta yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Lokacin da na yi ritaya daga aikin gwamnati, ina darakta a ma'aikatarmu, muna zaune ne a gidanmu na gado a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi. Masallaci yana bakin ƙofa, majalisa tana gindin dalbejiya, ko ba ka so sai ka tashi ka zauna sau da yawa a yini, domin wannan zai kira ka suna, wancan zai kira ka jana'iza. Sai babban ɗana, wanda ya ci sunan mahaifina muke ce masa Abba, Allah Ya buɗa masa a harkar kwangila, ya gina mana gida a Gwallameji ya ce mu koma mu huta. Ban ce bai kyauta ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Gida ne na gani na faɗa, ga tayil har tsakar gida, ga katanga da ko tsuntsu sai ya yi niyya kafin ya tsallaka, ga maigadi a bakin get. Amma maƙwabtan duk ma'aikata ne, su fita da safe a mota su dawo da yamma a mota, sai dai ka ji ƙarar get ɗinsu. Na zama ba ni da aiki sai daga kujera zuwa gado. Uwarku Asabe kuwa, da ta ga na zauna a gabanta bayan shekaru tana nemana, sai ta huce a kan tanda: masa da safe, masa da miyar taushe da rana, tuwon shinkafa da dare. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ban shekara biyu ba sai ga ƙishirwa da yawan fitsari, tafin ƙafata kuma ya fara yi mini kamar ana tsira allura.

A asibiti aka ce suga ne, ga hawan jini ya rako shi. Likitar yarinya ce da ba ta kai Hadiza ba, amma ba ta da kwana-kwana.

"Baba, magani kaɗai ba zai riƙe ka ba. Jikin nan motsi yake so. Ka riƙa tafiya a ƙasa kullum har ka yi gumi."

"'Yata, gwiwoyin nan ai sun riga ni yin ritaya. Daga nan zuwa bakin titi sai na zauna."

"To ka iya keke? Shi ba ya dukan gwiwa kamar tafiya."

Dariya na yi har da tari. Wai ko na iya keke! Ni da na fara aiki ina ɗan akawu, a kan baƙin keke irin na da nake zuwa ofis rani da damina. Shi kansa Abba a kan ƙarfen keken nan na riƙa kai shi makaranta, yana riƙe da kan keken yana kaɗa mini ƙararrawa, ina ce masa ya janye ƙafarsa daga taya. A lokacin bai ce na zubar masa da mutunci ba.

Daga asibiti ban zame ko'ina ba sai wajen Saje Yohanna. Jikoki ba su san shi ba, kuma ba laifinsu ba ne. Mutumin wajen Bogoro ne, tsohon soja, bayan ya bar soja ya zama direba a ma'aikatarmu. Babu ƙaramar hukumar da ba mu kwana tare ba ni da shi. Yana jirana in yi sallah, ina jiransa ranar Lahadi ya fito coci. Da ya yi ritaya sai ya buɗe shagon kayan gwanjo kusa da barikin Shadawanka, firij da dutsen guga da kekuna, matan sojoji ne yawancin masu cinikinsa. Na gwada manyan kekunan da ke jingine a ƙofar shagon, na kasa ɗaga ƙafa in tsallake ƙarfen. Sai ya shiga ciki ya fito da wani abu a hannu ɗaya, dunƙulalle, taya biyu manne da juna. Na ɗauka ɓaraguzan keke ne ya kawo mini don tsiya. Ya ajiye a ƙasa, ya buɗe shi kamar ana buɗe wuƙar aljihu, ya danna wani ɗan maƙalli a tsakiya ya ce ƙas, ya ɗago kan, ya zaro sirdi sama, ya miƙar da feda. Sai ga keke shuɗi tsaye a gabana, tayoyinsa ƙanana, ƙarfen tsakiyarsa can ƙasa, yadda ko mai zani zai tsallaka.

"Saje, wannan ai na yara ne."

"Kai Oga, ba na yara ba ne. Can inda ya fito, manya masu kwat ne suna hawa. Su shiga jirgin ƙasa da shi, su kai ofis su tura ƙarƙashin tebur. Matana ma ya hau, ya je coci da shi ya dawo. Hau ka gani."

Na tattare riga na hau. Na ɗan yi tangal-tangal, matan da ke sayen kaya suka ja baya suna salati da kiran Yesu, sai ƙafa ta tuna abin da ta sani. Na zagaya filin gaban shagon na sake zagayawa, iska tana shiga mini hannun riga. Wallahi rabon da in ji ni ne da kaina tun ranar da na miƙa makullin ofis. Muka ninke shi muka sa a buhun shinkafa, na hau napep da shi a kan cinyata. A gida ya shige ƙarƙashin gado bai tsare wa kowa hanya ba.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne tarbiyyar garinmu. A Bauchi ba a wuce babba a hanya. Idan kana cikin mota ka ga wanda ya girme ka, ko wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, yana tafe a rana, dole ka tsaya ka rage masa hanya, in ba haka ba har jikokinka sai an goranta musu. Ni ma haka na koya wa yaran ofishina, ban san kaina nake haƙa wa rami ba. Ranar da na fara fita, gari ya waye sarai, na miƙa hanyar Dass ina taka feda a hankali, ko gumi ban fara ba sai mota ta sha gabana ta tsaya. Garba ne, wani da na ɗauka aiki da hannuna, yanzu shi ma ya zama babba. Ya fito da sauri ya durƙusa a gefen kwalta.

"Ranka ya daɗe! Subhanallahi! Me ya sami motar?"

"Babu abin da ya same ta. Likita ce ta ce in motsa jiki."

"Haba ranka ya daɗe, muna raye? Wallahi ba zan iya wucewa in bar ka a nan ba. Shigo in kai ka."

"To ina za ka sa keken? Ka ga ai ba dama. Je ka kawai, na gode."

"Ai na san irinsa, ranka ya daɗe, ninkewa yake yi."

Kafin in ce wani abu ya ɓalle maƙallin, ya ninke mini keke, ya jefa a but, ya buɗe mini ƙofar gaba yana riƙe da ita. Da baƙin keke ne irin na da, da na tsira, domin babu but ɗin da zai ɗauke shi. Wannan kuwa abin da na so shi dominsa shi ya bashe ni. Haka aka dawo da ni gida a cikin sanyin mota kamar kayan aike. Washegari wani ne daban. Akwai ranar da aka dawo da ni, na sha ruwa na sake fita, wani ya sake dawo da ni, Asabe ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma da farko dariya nake yi. Abin da ban sani ba, kowane ɗayansu idan ya isa ofis ko majalisa sai ya ba da labarin alherin da ya yi: yau na tsinci Darakta a hanya a kan wani ɗan keke, na taimaka masa. Kafin labarin ya zagaya gari ya dawo, ya zama 'ya'yansa sun yi watsi da shi. A wani bakin kuma ya zama tsufa ya fara taɓa masa kai.

Sai na canza dabara. In sa keken a buhunsa, in ajiye doguwar hula in sa 'yar tashi-ka-fiya-naci, in hau napep ya wuce da ni bayan gidajen ƙarshe, inda gonaki suka fara. A can nake buɗe shi. Mutanen da ke bin wannan hanyar ba su san wani Darakta ba. Matan ƙauyukan kudu ne a kan kekunansu, ɗauke da itace ko buhun gyaɗa, su wuce ni suna cewa sannu Baba, ƙara wuta. In yi ta tafiya har rigata ta jiƙe, in zauna a gindin ɗorawa in huta, in juyo. A watannin nan na san barci mai daɗi. Wandunana suka fara yi mini yawa, allurar da ke tafin ƙafata ta lafa, likita ta duba gwajina ta rage mini ƙwayoyi tana ce mini in ci gaba da duk abin da nake yi. Sau ɗaya tak keken nan ya taɓa ji mini ciwo: ƙafata ta zame, feda ta kwarzane ni a ƙwaurin dama. Asabe ta wanke ta sa magani, na nuna wa likita, bai daɗe ba ya warke ya bar ɗan tabo. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin ya ɓaci ne a wani ɗaurin aure a Fadaman Mada, na 'yar wani tsohon abokin aikina. Na san lungun, na san motoci za su cushe shi, sai na ce me zai hana in je da abina. Na ratsa tsakanin motocin da suka yi cirko-cirko, masu su suna ta hon, na isa ƙofar masallaci kafin kowa, na ninke keken na ajiye gefen takalma. Ina jin daɗin kaina ƙwarai. Ashe Abba yana wurin tare da abokan harkarsa, masu manyan riguna. Bayan an shafa fatiha ina buɗe kekena, sai ɗaya daga cikinsu, wani mai faɗin baki da ko sunansa ban riƙe ba, ya ɗaga murya.

"Alhaji Abba, a saya wa Baba mota mana! Ko mu yi maka karo-karo ne?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, na kaɗa musu ƙararrawa na wuce. Da na waiga na ga fuskar Abba, na san ba a gama ba.

Da yamma sai ga shi shi da Hadiza. Ko zama bai yi sosai ba.

"Baba, don Allah me muka rage ka da shi? Yau an mai da ni abin dariya a gaban mutanen da nake neman aiki a hannunsu. Gari gaba ɗaya ana cewa mun bar ka kana yawo a keken yara."

"Maganina ne. Ka je ka tambayi likita."

"Baba, mutum kamarka?" in ji Hadiza. "Ni a gidan mijina har tambayata ake yi wai ko lafiyarka ƙalau. Ga shi har ciwo ya ji maka, kuma ka san mai suga ba ya son ciwo."

"Ciwon ya warke. Ku kuma da kuke jin kunyata, ku riƙa cewa ba ku san ni ba. Keke dai ba zan bari ba."

Na ɗauka magana ta ƙare, domin ni na haife su, ba su suka haife ni ba. Ashe sun san inda za su kama ni. Kun san Yaya Malam Inuwa, Allah Ya jiƙansa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, shi ya nema mini auren uwarku. Tun ina yaro har na yi furfura ban taɓa mayar masa da magana ba, kuma a gidanmu ba a yi. A lokacin idanunsa sun riga sun tafi, yana zaune a zauren gidanmu na Jahun, sai abin da aka faɗa masa. Su Abba suka je suka same shi ba da sanina ba. Ban san duk abin da suka ce ba, amma na san ba su ambaci likita ba, domin da na ambace ta daga baya sai na ga alamar bai taɓa ji ba. Aka aiko Yaya yana kirana. Na ɗauki keken a buhunsa na tafi da shi, niyyata in buɗe shi a gabansa ya shafa da hannunsa, ya ji ƙarfen, ya ji tsawon sirdin, ya san ba abin wasan yara ba ne. Yaya da kansa ya yi shekara da shekaru yana zuwa karantarwa a kan keke, da an bar mu ni da shi da ya fahimta. Na tarar da Abba da Hadiza zaune a gefe sun sunkuyar da kai kamar mutanen kirki. Na gaishe shi, na fara kwance bakin buhu.

"Bar shi, Sale, ba sai ka buɗe ba. An ce mini kana hawan keken yara a titi, har ka faɗi ka ji ciwo, mutane suna tsintar ka suna kawowa gida."

"Yaya, ba faɗuwa na yi ba. Likita ce ta ce..."

"Likita ba ta san gidan da ka fito ba. Ban taɓa roƙonka komai ba, Sale. Yau ina roƙonka. Ka bar wa yaran nan mutuncinsu, ka bar abin nan."

Na dubi Abba, bai ɗago ba. Maganganu cike da bakina, kowace da hujjarta. Amma makaho ne tsoho, wanda ya ciyar da ni da guminsa, ya ce yana roƙona a gaban 'ya'yana.

Na ce, "To, Yaya."

Ban yi nadamar wannan "to" ɗin ba, ko yau aka sake haka zan ce, kuma ban riƙe Yaya da komai ba. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne ku kun san ba zan iya ƙi ba, shi ya sa kuka bi ta can. Kun ɗauki ladabin da na yi wa yayana tsawon rayuwata, ladabin da na yi ta fatan ku gada, kuka ɗaure ni da shi. Da muka fito, wata sabuwar mota tana tsaye a ƙofar gida da direba a ciki, wai tawa ce. Abba ya karɓi buhun daga hannuna da hannu bibbiyu, cikin girmamawa, ya sa a but ɗin tasa motar. Daga ranar ban sake ganin keken nan ba.

Bai tsaya nan ba. Bayan kwana biyu na sa direban ya kai ni Shadawanka in gaida Saje. Mutumin da in ya hango ni yake ƙamewa ya sara mini don tsokana, ranar ko kujera bai jawo mini ba sai da na nema.

"Oga, yaronka ya zo nan. A gaban mutane ya ce ni ne ina so in kashe masa uba. Ya ce in wani abu ya same ka, ni zai riƙe." Ya ɗauki wani dutsen guga da ba ya buƙatar gogewa yana ta goge shi. "Oga, ka san garin nan. Ni da kai mun san juna, amma in magana ya tashi, ba za a ce Saje da Oga ba. Za a ce wani abu daban. Ina da yara a nan."

Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Amma da komai, domin daga ranar gaisuwarmu ta koma ta sannu sannu. Abba, mutumin nan ya goya ka a kafaɗarsa ranar da ka yi zazzaɓi a hanyar Azare, motar ofis ta lalace mana. Har yau ba ka je ka ba shi haƙuri ba, kuma ina sane.

Sai aka shiga yi mini gata. Masallacin da ke bayan layinmu ma a mota ake kai ni. In na ce zan taka, direba ya biyo ni a hankali da mota yana roƙona in rufa masa asiri kada a kore shi. Da likita ta ga gwajina ya sake hawa ta yi faɗa, sai Abba ya aiko da wani keke na cikin ɗaki, mai ƙafafu a kafe, aka ajiye mini yana fuskantar bango. Na hau shi, kada ku ce ban hau ba. Amma ku gwada ku gani: ka yi ta taka feda kana gumi, ba iska, ba gona, ba mai ce maka sannu Baba, ka sauka inda ka hau. Ni ba injin markaɗe ba ne. Zuciyata ta ƙi shi, a ƙarshe Asabe ta mai da shi wurin shanya ɗankwali. Jikina ya koma gidan jiya, har ya wuce. Allurar tafin ƙafa ta dawo, daga baya ita ma ta tafi, na daina jin komai, in taka tayil da rana tsaka ban san da zafi ba. Na ɗauka sauƙi ne, sai likita ta ce wannan ne abin tsoron. A cikin wannan shekarar Yaya ya rasu, ya tafi da alkawarina, babu kuma wanda zai warware mini shi.

Yanzu ga ciwon da ya ci ƙafar, tunda shi kuke jingina wa keke. Abba ya gama ginin sabon ofishinsa ya shirya walima, manyan mutane za su zo. Hadiza ta zo da safe da kwali, takalmi ne sau-ciki baƙi mai sheƙi, ta sayo mini daga tafiya. Ni kuwa tun da ƙafa ta fara ba ni matsala silifas mai taushi nake sawa, yadda likita ta ce. Na zura na hagu na ji ya kama.

"Ya matse ni, Hadiza."

"Sabo ne Baba, zai saki. Don Allah yau dai ka bar silifas ɗin nan. Kujerar gaba za a sa ka, kowa zai gan ka."

Na sa. Na yini a kujerar gaba ana zuwa ana durƙusa mini, ana cewa Allah Ya yi wa Abba albarka. Ban ji zafi ko kaɗan ba, domin ƙafar ta daina kai mini ƙara. Sai da muka dawo Asabe ta zare mini safa ta yi salati. Ɗan ƙaramin yatsan hagu ya yi bororo ya fashe, safar ta manne da shi. Abin bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Aka yi ta wanki, aka yi ta allura, likitoci sun yi iya yinsu ban ga laifinsu ba, amma ciwo ya ƙi rufewa. Aka cire yatsan. Aka dawo aka cire na kusa da shi. Daga ƙarshe aka zo da takarda, Abba ya sa hannu yana kuka, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Na ga hawayenka, Abba, kuma na san na gaskiya ne. Na kuma san abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa. Wataƙila ko da keken ƙafar nan ba mai zama ba ce. Amma ƙaddara ba ta ce a yi mata ƙarin ƙarya ba.

Ranar da aka sallame ni, Abba ya shigo ɗakin asibiti yana turo keken guragu sabo fil, ko ledar jikinsa ba a gama cirewa ba. Aka ɗaga ni aka ɗora. Shi da kansa ya tura ni ta doguwar barandar nan har wajen motoci, mutane suna matsawa suna cewa Allah Ya ba mu masu jin ƙanmu kamar haka. Aka sa ni a kujerar baya. Ina kallo ta madubi ya kama tsakiyar kujerar ya ja sama, tayoyin biyu suka haɗe da juna, ya ɗaga da hannu ɗaya ya sa a but, ya rufe. Ko daƙiƙa biyar bai ɗauka ba. Da ya shigo ya zauna na ce masa:

"Wannan shi ma ninkewa yake yi ashe."

"Eh Baba, mai kyau ne, ba ya cin wuri."

"To shi wannan bai zubar maka da mutunci ba?"

Ya mai da idonsa kan titi. Har muka iso Gwallameji Asabe tana jan hanci a gefena.

Tun daga nan babu ɗaurin auren da ba a kai ni. A fito da kujerar daga but a buɗe, a tura ni har sahun gaba, a ninke ta a ajiye gefen takalma, daidai inda na taɓa ajiye kekena. Ban taɓa jin wani mai faɗin baki ya ce za a yi karo-karo ba. Garba ma ya gan ni a ciki kwanaki, ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, ai gara da ka huta. Garinmu ya fi son ya ga tsoho ana tura shi da ya gan shi yana tura kansa, ku ma kuma haka kuka zaɓa.

Ƙafa na yafe muku, duniya da lahira, domin na san da ƙauna kuka yi, ko da yake ƙaunar ta fi karkata ga abin da mutane za su ce. Ƙaryar ce ban yafe ba, sai ranar da kuka daina faɗinta. Abba, an ce mini buhun yana nan a sitonka, ƙarƙashin tsofaffin tayoyi. Ka fito da shi ka kai wa Saje Yohanna da hannunka, ka ba shi haƙuri a gaban mutanen da ka ci masa fuska, ya sayar wa wanda 'ya'yansa ba su yi arziki ba. Ku kuma jikokina, duk ranar da aka sake ce muku keke ne ya ci ƙafar kakanku, kada ku yi musu da kowa. Ku zo ɗakina, ba sai kun yi sallama da ƙarfi ba, ina ji. Zan ɗage muku wando ku ga tabon da feda ta yi mini. Yana nan a ƙwaurin dama, ƙafar da ta rage.